Altine da Shaidar Buhun Albasa

A takardar gwamnati, aikin Altine shara ne. Haka aka rubuta ranar da aka ɗauke ta a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen mijinta, can gefen hanyar da ta tashi daga Shagari ta nufi Lambara, kuma har yau ba wanda ya goge. Amma ka tambayi duk matar da ta taɓa goya ɗa ta shiga asibitin nan, za ta ce maka Altine mai kati, ta kuma dube ka da mamakin a ce akwai wanda bai sani ba.

'Yar Dingyaɗi ce, aure ya kawo ta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ga baki, ga rashin haƙuri da ganin abu a karkace. Boko ko ƙofarsa ba ta taɓa leƙawa ba, allo ta yi, ta kai izu goma sha biyu ta tsaya. Mijinta Abdulaziz manomin albasa ne, mutum mai sanyi, wanda ya daɗe da gano cewa zaman lafiya da Altine shi ne a bar ta ta ƙare maganarta. Ta haifi bakwai, biyar suna raye. Shekarar da autarta ta fara tafiya aka ce ana neman mai shara a asibiti, ta ɗauki tsintsiyar ɗakinta ta tafi, ba ta jira an ba ta ta gwamnati ba.

Mai shara yana ganin abin da likita ba ya gani, don ba wanda ke gyara fuskarsa saboda mai tsintsiya. A lokacin, Malam Aliyu ne shugaban asibitin. Ma'aikacin lafiya ne, amma duk ƙauyukan likita suke ce masa, kuma ya cancanta, don shi ke yanka kati, shi ke duba marar lafiya, shi ke ba da magani. Altine tana shara tana kallon yadda yake fama a tagar yankan kati, har ta gane inda matsalar take.

Mace a wannan ƙasa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta faɗin na mijinta, balle na surukanta, idan kuwa aka sa wa yaro sunan kakansa, to an rufe bakin uwar ke nan har abada. Kunya ce, an gaje ta, kuma ba wanda take cutarwa sai katin asibiti. Malam Aliyu zai ce, "Sunan yaro?" Uwa ta sunkuyar da kai, ta waiwaya neman maƙwabciya. In akwai maƙwabciya, ta faɗa mata shi. In babu, uwar ta kawo duk laƙabin da ya zo bakinta, yau Baba Ƙarami, wata mai zuwa Ɗan Inna, bayan salla kuma Maigida. Yaro ɗaya sai ya tara kati huɗu, ba wanda ya san abin da aka ba shi wancan zuwan. Ranar da aka yi sa'ar rubuta sunan gaskiya ma ba a tsira ba. Likita zai ɗaga kati ya kira sunan a gaban jama'a, uwar ta yi kamar ba da ita ake ba, don amsawa a bainar mutane ɗaya yake da faɗa. Sai ta jira kowa ya watse, kafin nan azahar ta yi, an rufe taga.

Abin da ya fi ƙona wa Altine rai shi ne fitarsu. Mace ta baro gida tun hantsi, ta taka ƙasa mai nisa da yaro yana zafi a bayanta, ba a duba shi ba, amma in za ta wuce ƙofa sai ta rusuna ta ce, "Mun gode, Allah shi saka da alheri." Daga nan ta biya kemis a ƙirga mata ƙwaya a leda. Altine takan bi ta da kallo, ta ji kamar ta jefa mata tsintsiya don haushi da tausayi.

Dabarar ta zo mata a kakar albasa. Abdulaziz yana tsugune a ƙofar gida da gwangwanin fenti, yana zana tsani a jikin kowane buhu. Kowane gida da shaidarsa, don babbar mota ɗaya ke kwashe albasar ƙauye duka, in ba shaida sai rigima a kasuwa. Nasu tsani ne. Wasu lauje, wasu wata da ɗigo, wasu ƙafar kaza, wasu ido biyu. Ba macen da ba ta san shaidar gidansu ba, don a kan tsofaffin buhunan nan take shanya gero, kuma faɗin ta ba kunya ba ne. Altine ta tsaya da tulu a ka tana kallon mijinta har ya tsargu.

Washegari ta jingine tsintsiya ta leƙa taga.

"Malam, ka ba ni biro."

"Ki yi mi da shi, Altine?"

"Rubutu za ni yi."

Malam Aliyu ya yi dariya har ya cire tabarau, amma ya ba ta, don ya san in bai bayar ba ba zai duba kowa ba ranar. Ta ɗauki katin wani yaro, ta zana lauje a kusurwa, ta ja layi ɗaya a ƙarƙashi, alamar ɗan fari ke nan. Na biyu layi biyu, na uku layi uku. In gidan gandu ne mai ɗakuna da yawa, ta ƙara ɗigo a gefe don a san ɗakin wace. Sunan gaskiya kuwa sau ɗaya ake nemansa, a bakin kaka ko gwaggo, likita ya rubuta shi a ciki, shi ke nan an huta da shi. Ta fito tsakar asibiti ta ce, "Gidan lauje, ɗaki na biyu, na ɗaya." Wata mata da ke ƙarshen benci ta miƙe da yaronta, kanta a sama, ta shiga.

Shekara goma sha biyu aka yi a haka. Altine takan yi shara bayan sallar asuba, ƙarfe takwas tana bakin taga da akwatin katako a gabanta. Ta san shaidar gida sama da ɗari biyu, kafin mace ta gama gaisuwa katin ɗanta yana hannu. Ba ta iya karanta abin da likita ke rubutawa, amma duk katin da ta ga ya yi wa rubutu da jan biro sai ta tambayi dalili, ta huda shi ta ɗaura masa jan zare. Bencin asibitin shida ne, kuma kullum a cike suke. Har daga ƙauyukan da ke da asibiti a kusa mata ke tsallakowa, su ce can ana sa mutum faɗin abin da ba ya faɗuwa.

Sai Malam Aliyu ya yi ritaya, aka turo Bilyaminu daga Sakkwato.

Kada a zalunci Bilyaminu, ba mugu ba ne. Cikin wata guda ya sa an gyara famfon da ya shekara uku a mace, ya liƙe rufin da ke yoyo, kuma a hannunsa magani bai taɓa yin ƙafa ba. Al'adar ma ya san ta, shi kansa ɗan fari ne, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Amma a ganinsa kunya a zaure take tsayawa, ba ta bin mutum asibiti. Da ya buɗe akwatin Altine ya ga lauje da ƙafar kaza, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali.

"Inna, kin yi ƙoƙari, Allah shi biya ki," in ji shi. "Amma wanga ba tsari ba na. Kowa za a ba shi lamba, a rubuta cikakken suna. Kuma ƙa'ida ba ta yarda wanda yat taɓa shara shi zamna taga shina miƙa ma marasa lahiya kati ba. Ke kuwa mai shara anka ɗauke ki."

Ya kawo Kausar, yarinya mai takardar shaidar karatu da ladabi, da sabuwar rajista mai kauri. Akwatin aka kai sito, aka ce da zarar kowa ya samu sabon kati, ƙarshen wata na uku, za a ƙone shi.

Altine ba ta yi gardama ba, abin da ya tsorata Abdulaziz fiye da duk faɗan da ta taɓa yi. Ta koma kan tsintsiya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba don kujerar ba, ko da yake kujerar ma ta yi mata daɗi. Akwatin nan shi ne kaɗai abin da ta taɓa ƙagowa da kanta a duniya, kuma ta san abin da ke cikinsa. Kullum in ta zo share ƙofar sito sai ta ƙirga kwanakin da suka rage masa.

A wata na biyu wasu baƙi suka zo daga ofishin lafiya da takardu, suna tambayar marasa lafiya ko sun gamsu da yadda ake kula da su. Suka zauna a inuwar dogon yaro, suka tambayi mata talatin cikin kwana uku. An karɓe ki da kyau? Alhamdu lillahi. Kin daɗe kina jira? A'a, ba komi. Za ki sake zuwa? In Allah ya so. Baƙi suka tafi suna yabo, Bilyaminu ya fito da takardar yana murmushi, ya tarar da Altine tana kwashe ganye.

"Kin gani, Inna? Talatin cikin talatin, duk sun gamsu."

Ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Likita, in baƙo ya tambaye ka lahiyar gidanku, mi za ka ce mai? Ka bar takarda, ka ƙidaya benci."

Ya waiwaya. Biyu ne da mutane, huɗu kuwa awaki ne ke kwance a ƙarƙashinsu. Ya ce ai lokacin ban ruwa ne, mutane suna fadama. Altine ta ce haka ne, ta ci gaba da shara, don ta san zazzaɓi bai taɓa jiran a gama ban ruwa ba.

Saura kwana tara a ƙone akwatin Habiba ta zo. Matar gidan ƙafar kaza ce, daga wani ƙauye bayan Lambara, mace marar magana ko a cikin mata. Ta riƙo hannun 'yarta ta fari, yarinya 'yar shekara tara mai tari da zazzaɓi. Yarinyar kuwa sunan uwar mijin Habiba aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ranar ba wanda ya zo daga ƙauyensu. Kausar ta tambayi suna, Habiba ta dubi ƙasa. Ta tambayi yarinyar, ita kuma tun tasowarta ba ta san ana kiranta da komai ba sai Iya, don haka ta ce Iya. Kausar ta duba rajista ba ta ga Iya ba, ta yanka sabon kati fari fat, suka shiga wurin likita.

Altine tana bayan asibiti lokacin, wajen ramin shara. Da ta zagayo ta hango su a tagar magani, yarinyar tana riƙe da kofin ruwa, Bilyaminu da kansa yana ɓallo ƙwaya daga kwali don ta sha ta farko a gabansa. Ta gane Habiba, ta gane yarinyar. Shekara huɗu da suka wuce an taɓa ba yarinyar nan wata ƙwaya, kwana biyu bakinta ya kumbura, fatarta ta dinga saɓulewa, sai da ta yi mako uku a kwance a Sakkwato, da ƙyar aka samo ta. Habiba ta san wata ƙwaya ce ta yi wa 'yarta haka, amma ba ta san sunanta ba, kuma ba a tambaye ta ba. Ita kuwa ba ta ga yadda za ta buɗe baki ta gyara wa likita aikinsa ba.

"Likita, tsaya," in ji Altine, tsintsiya a hannu. "Kak ka ba ta komi sai ka ga katinta."

"Ga katinta nan, Inna."

"Wanga ba nata ba na, na yau na. Ba ni makullin sito."

Mai shara ba ta tsayar da likita a gaban jama'a, kuma Altine ta san in ta yi kuskure, tsintsiyar ma ba lalle ta kwana a hannunta ba. Bilyaminu ya dube ta, ransa a ɓace, amma ya ga fuskarta, ya ciro makulli ya miƙa. Ta shiga, ta ture kwalaye, ta busa ƙurar akwati. Ko minti biyu ba ta yi ba ta fito da kati mai ƙafar kaza da layi ɗaya, jan zare yana reto a kusurwarsa.

Bilyaminu ya karanta jan rubutun Malam Aliyu. Ya dubi kwalin da ke hannunsa, ya sake karantawa. Ita ce, ƙwayar nan ce dai. Ya karɓe kofin daga hannun yarinyar, ya mayar da ƙwayar cikin kwali, ya nemi kujera ya zauna. Daga nan ya sauya magani, ya yi wa Habiba bayani a hankali, ya nuna mata kwalin ya ce ta riƙe kamanninsa. Sannan ya juya ga Altine.

"Masu jan zare nawa ad cikin akwatin ga?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya shiga sito da kansa, ya rungumo akwatin, farar rigarsa ta yi duƙun-duƙun, ya kawo shi ya ajiye a taga kusa da rajistar Kausar. A gaban kowa ya ce, "Inna, na yi kuskure, ki yahe mani. Ba mai ƙone akwatin ga. Ke ki hiddo kati, Kausar ta sa mai lamba, a haɗa su wuri guda." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma ƙa'idar nan tana nan. Mai shara ba ta zama taga, in masu duba asibiti sunka ishe haka, ni da ke duk mun shiga uku. In na samu mai shara, taga taki ta. Zan rubuta takarda a ba mu wata, sai dai kin san takarda."

Altine ta san takarda. Ta famfo sai da ta shekara uku. Ta ce ba komi, tunda akwatin ya tsira, in Kausar ta rasa kati ta kira ta daga bakin shara ta nuna mata da baki. Ta faɗi haka da gaske, amma da ta koma gida ta kasa cin tuwo. Habiba kuwa duk abin nan a gabanta aka yi, ba ta tofa ba. Ta rusuna ta yi godiya irin wadda aka saba, ta ja 'yarta suka tafi.

Ranar Litinin Altine ta fito bayan asuba kamar kullum. Tun daga kan hanya ta hango ƙura tana tashi a asibiti, ta ƙara sauri, tana zaton shanu ne suka shiga. Da ta kai ƙofa sai ta tsaya. Mata ne, goma sha ɗaya, kowace da tsintsiyar ɗakinta, wasu da goyo, sun share tsakar asibiti tun daga bakin hanya har bayan ramin shara, sun yayyafa ruwa. Habiba tana cikinsu, kanta a sunkuye, tana goge benci da tsumma. A tsakiya kuwa wata tsohuwa ce tsaye da sanda tana nuna inda aka bari, Ummukulsum, uwar mijin Habiba, mai sunan yarinyar.

"Mi kuka yi nan?" in ji Altine.

"Abin da kika gani," in ji tsohuwar. "An ce sai an samu mai shara. To, mun raba kwanakki. Yau gidan ƙahwar kaza da gidan lauje, gobe wata da ɗigo, jibi ido biyu. Gida arba'in sunka sa hannu, kahin shi zagayo ga mutum ya manta ya yi. Likita ya ce kwandon allurai shi za shi riƙa kwashewa da kainai."

Bilyaminu yana tsaye a baranda da safar hannu, ya ɗaga kwandon ya nuna mata, yana dariya.

Altine ta buɗe baki za ta ce wani abu, ko da faɗa ne, don ta hango an bar ganye a gindin famfo. Maimakon magana sai hawaye. Shekara da shekaru tana jin haushin matan nan da ba su iya cewa an ɓata musu ba, ba su iya cewa an kyauta musu ba, komai Alhamdu lillahi. Yau ga su sun taso daga ƙauyukansu da sanyin safiya, ba wanda ya tambaye su komai. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Tsohuwar ta matso ta zare tsintsiyar daga hannunta.

"Kawo nan, ɗiyata. Tahi ki wanke hannu ki zamna, mutane na jiranki."

Ta waiwaya. Labari ya riga ya zagaya, benci shida sun cika, wasu mata sun shimfiɗa gyale a ƙasa, wasu kuma suna tafe a kan hanya da yara a baya. Altine ta wanke hannu a famfo, ta share fuska da bakin zane, ta zauna kusa da Kausar, ta jawo akwatinta. Ranar sai da aka kai la'asar ana kiran kati, kuma ba macen da ta koma gida ba a duba ɗanta ba.